Ina shan ƙwaya amma ciki ya shiga, surukata ta ce hukuncin Allah ne

Saƙon wata 'yar'uwa, ta roƙi a sakaya sunanta:

Ɗaukaka ga Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ni 'yar Katolika ce, a coci aka ɗaura mana aure, yaranmu uku. Na ukun da aiki aka ciro shi, likita kuma ya ce in huta shekara biyu kafin wani ciki. Maigidana ma'aikacin tsaro ne a arewa maso gabas, ba shi da tsayayyar ranar zuwa gida, ran da aka ba shi fas sai dai mu gan shi a ƙofa. Shi ya sa da yaron ya fara cin abinci na karɓi ƙwayar tazarar haihuwa, kuma da saninsa. Yanzu yaron bai daɗe da cika shekara ba, al'ada ta ɗauke, na yi gwaji, ciki ne.

Surukata ta ga katin ƙwayar a ɗakina. Ta ce Allah ne ya kama ni don na yi masa wayo, wai kada in yi mamaki idan ɗan ya zo da naƙasa. Tun da na fara shan ƙwayar ban tashi karɓar Jikin Yesu ba, a benci nake zama har a gama Mas. Da gaske hukunci ne? Ƙwayar da na sha kafin in gane za ta taɓa ɗan? In Allah ya sauke ni lafiya, wace hanya zan bi? Ana ta ce mini in yi lissafin kwanaki, to da miji irin nawa yaya lissafi zai yiwu?

Nas, kuma ungozoma:

Ƙanwata, fara ajiye tsoron naƙasa. Ƙwayar da mace ta sha a farkon ciki ba da sani ba, bincike bai nuna tana jawo wa jariri naƙasa ba. Ki daina sha daga yau, ki je a yi hoton ciki a ga inda ya zauna da watanninsa, ki fara folik asid. Abin da ya fi damuna ɗinkin mahaifarki ne, tunda tazarar ta yi gajarta. Ki yi awo da wuri a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ki faɗa musu watan da aka yi miki aiki, kuma kada kowa ya ce ki gwada naƙuda a gida.

Ba ke kaɗai ba ce. Idan mata 100 suka sha ƙwayar nan daidai, ba fashi, waɗanda za su yi ciki a shekara ba su kai 1 ba. Amma yadda mutane ke sha a zahiri, kusan 7 cikin 100 ne. Mantuwa ce kan gaba, sai amai jim kaɗan bayan an haɗiye, sai zawo mai tsanani. Irin wadda ake ba masu shayarwa ta fi tsauri, in aka makara fiye da awa 3 kariyar ta yi rauni. Akwai kuma magungunan da ke cinye ƙarfinta: na tarin fuka, wasu na farfaɗiya, wasu na masu ƙanjamau. Kina shan wani magani daban a watannin nan?

Baba Katikis:

'Yata, surukarki ta yi magana cikin zafin rai, amma ba koyarwar Ikilisiya ta faɗa ba. Buɗe Yohanna sura 9. Almajirai sun ga makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne. Zabura 127 ta ce 'ya'ya gādo ne daga Ubangiji. Babu inda aka koya mana cewa Allah yana horon uwa da jikin jariri.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba. Ikilisiya ba ta yarda da ƙwayar hana ɗaukar ciki ba. Paparoma Bulus na shida ya rubuta haka a wasiƙarsa Humanae Vitae ta 25 ga Yulin 1968, Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiya, ma ya maimaita a lamba 2370. Dalilin shi ne saduwar ma'aurata tana ɗauke da abu biyu, haɗa zukata da buɗe ƙofa ga rai, kuma ba mu da ikon raba su da hannunmu. Sai dai mutane suna karanta rabi su bar rabi. Wasiƙar nan ɗaya ta ce ma'aurata suna iya jinkirta haihuwa, na ɗan lokaci ko ba tare da sa rana ba, saboda lafiya ko halin aljihu, ta hanyar kiyaye kwanakin da mace ba ta ɗaukar ciki. Paparoma Francis ma a 2015, a jirgi yana dawowa daga Filifin, ya ce zama Katolika na ƙwarai ba ya nufin a yi ta haihuwa babu lissafi. Saboda haka son hutun da kika yi daidai ne, hanyar ce ake magana a kai.

Batun benci kuwa, ya isa haka. Je wurin Fada ki furta, ki gaya masa aikin da aka yi miki, da gargaɗin likita, da yanayin mijinki. Tsoro da matsi suna rage nauyin laifi, wannan ma yana cikin Katikizim. In kina jin nauyin Fadan cocinku, je wata majami'ar, duk ɗaya ne.

Maman 'yan biyu:

Baba Katikis, da girmamawa, faɗa da baki yana da sauƙi. Ni da lissafin kwanaki na samu 'yan biyun nan ina goyon wata tara, kwanika sosai, har uwata ta zo ta ɗauke babban. Kwamitin da Paparoma Bulus na shida ya sa ya duba maganar nan, mafi yawansu a 1966 cewa suka yi a sassauta, shi ne bai karɓa ba. Mu dai mu faɗi gaskiya, mata nawa ne a Zumunta ke zuwa karɓar allura a ɓoye? Ranar da aka shiga da mace tiyata ba wanda ke kwanciya a madadinta.

Mama, shugabar Zumuntar Mata a wata majami'a:

Maman 'yan biyu, ban ƙi taki ba, amma abin da kika yi kalanda ce, kuma kalanda ba ta aiki ga mai goyo. Har carbin kwanakin nan da ake rabawa a asibiti, wanda masana a jami'ar Georgetown suka tsara, sharaɗinsa al'adar mace ta riƙa zagayowa tsakanin kwana 26 da 32, sannan a ƙaurace daga rana ta 8 zuwa ta 19. Wace mai shayarwa ce al'adarta ke tsayawa haka?

Abin da muke koyarwa hanyar Billings ce, ta wasu likitoci mata da miji daga Melbon ta Ostareliya. A ƙasar nan Sista Leonie McSweeney ta daɗe tana koyar da ita daga Ibadan. Ba a ƙirga komai a gaba, jiki ake saurara kullum. Akwai kwanakin da mace ke jin gabanta a bushe. Sai danshi ya fara, ya ƙaru, har ya zama ruwa mai santsi mai yauƙi kamar na kuɓewa. Wannan ne alamar ƙwai ya kusa fita, kuma a cikin ruwan nan maniyyi yake iya rayuwa har kwana 5, alhali shi ƙwan bai wuce kwana ɗaya ba. Daga ranar da danshi ya fara sai a dakata, har ranar ƙarshe ta santsin, a ƙara kwana 3 cikakku. Kowane dare a rubuta abin da aka ji. Ba sai mai boko ba, na koya wa matan ƙauye da alamomi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada a ƙasashe biyar, ciki har da Indiya da Filifin, mata fiye da 90 cikin 100 suka gane alamar tun watan farko.

Ke mai tambaya, kada ki koya a waya ko a bakin ƙawa. Tambayi ofishin iyali na dayosis ɗinku su haɗa ki da malama tun kina da cikin. Kuma in akwai ciwon sanyi a fara magance shi, don yana rikita alamar.

Nas, kuma ungozoma:

Mama, in ƙara gishiri kaɗan. Gane alama daban, kiyaye doka daban. Masu bin Billings sau da ƙafa, kusan 3 cikin 100 ne ke yin ciki a shekara, amma a wancan gwajin na ƙasashe biyar, da aka haɗa da waɗanda suka karya doka, adadin ya haura 20. Yawancinsu ba kuskuren karatu ba ne, sun san ranar haɗari ce suka sadu. Ga mace mai ɗinki a mahaifa, dole a faɗa mata wannan ƙarara.

Abin da zai taimake ta a farko bayan haihuwa shi ne shayarwa, kuma Ikilisiya ba ta da ja a kai. Sharaɗi uku ne: jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. In duka ukun sun cika, kariyar ta kai 98 cikin 100. Ɗaya ya faɗi, ta tashi.

Wani magidanci:

Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar iyaye mata. Duk abin da Mama ta lissafa, a hannun miji yake. Ni direban babbar mota ne, nakan yi makonni a hanya, na san abin da ake nufi da ka dawo gida a ce maka yau ba dama. Ba daɗi. Amma 1 Korintiyawa 7:5 cewa ta yi in za a ƙaurace sai da yardar juna, ba mace ita kaɗai da takarda a ƙarƙashin matashi ba. Ni kafin in taso nakan kira ta, in dama ta samu in daidaita tafiyar. Shi ba shi da wannan sararin, fas ɗinsa ba a hannunsa yake ba, don haka akwai zuwan da zai yi ya koma haka nan. Sai ya ji daga bakin likita abin da fashewar ɗinki ke nufi, ba daga bakinki ba, ƙanwata. Ki sa a kira shi a waya ranar awo. Kuma shi ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa magana, tunda da saninsa aka karɓo ƙwayar.

Mai tambaya:

Na gode, iyayena. Anti Nas, ina shan maganin tarin fuka, saura kaɗan in gama, wanda ke mai da fitsari ja. Ba wanda ya tambaye ni ko ina shan ƙwaya lokacin da aka ɗora ni a kai. Shi ma in dakata da shi saboda cikin?

Nas, kuma ungozoma:

To ga dalilin nan. Wanda ke sa fitsari ja shi ne rifampisin, yana sa hanta ta narkar da sinadarin ƙwayar da sauri, ko da ba ki taɓa fashin rana ɗaya ba, kuma tasirinsa yana kai kwana 28 bayan an daina. Ko ashanar da ake sawa a damtse haka yake yi mata. Kada ki kuskura ki dakata da shi. Tarin da ba a gama magani ba ya fi haɗari gare ki da ɗan, kuma magungunan farko na tarin fuka ana ba masu ciki. Gobe ki koma inda kike karɓa ki ce musu kina da ciki, su duba ko suna ba ki bitamin B6, sannan ki tafi da katin maganin wurin awo.