A goge tsohon kayan soja ko a bar shi da tsatsarsa?

Mai Hular Kwano: Salamu alaikum jama'a. Wani dattijo da ya daɗe yana tara kayan soja na da ya faɗa mini wata magana a shagon kayan tarihi, kuma yanzu na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Cewa ya yi duk wanda ya goge tsohon kayan soja ya yi masa sabon fenti, to ya kashe shi. Ga abin da ya sa na yarda. Na sayi hular kwano ta sojan Amurka, irin M1 da suka fara sawa a 1941. Cikinta duk tsatsa, sai na ɗauki burushin ƙarfe na hau gurza. Na yi nisa kafin na lura da wasu baƙaƙe da farin fenti a ƙarƙashin dattin, ta wajen ƙeya. Sunan mai hular ne da lambarsa. Haruffa uku na samu da rabin lamba, sauran na share su da hannuna. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Don haka ni dai a bar kaya yadda aka same su.

Baba Maƙeri: Wa alaikumus salam. Ɗana, na ji zafin abin da ya same ka, amma laifin burushin ƙarfe ne da gaggawa, ba laifin gyara ba. Shekaru arba'in ina aikin ƙarfe. Tsatsa ba ta barci. Jar tsatsar nan mai ɓarɓashi, wadda ke kama yatsa in ka shafa, tana cin ƙarfe kullum, musamman inda akwai laima. Ka bar ta shekara goma, sunan da kake kuka a kansa zai tafi tare da ƙarfen da aka rubuta shi a kai. Sannan wane soja ne ya taɓa barin kayansa da tsatsa? Da ya sha horo. Tsatsar da kuke kira tarihi, yawancinta a rumbun wani ta samu bayan an gama yaƙi da shekaru.

Alhaji Dillali: Baba, Allah ya ƙara girma, amma masu saye ba sa tare da kai. Hular da ke da fentinta na asali, ko da ya koɗe, ta fi wadda aka sabunta daraja nesa ba kusa ba. Kuma akwai dalili. An ƙera M1 fiye da miliyan 22 kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ta ci gaba da aiki har cikin shekarun 1980, wasu ƙasashe kuma suka kwaikwaye ta. To da me za ka gane ta lokacin yaƙi? Da ƙananan alamu. Na farko-farko, mahaɗin ƙarfen da ya zagaye bakinta a gaba yake, sai wajen ƙarshen 1944 aka mai da shi baya. Fentin kuma an gauraya shi da garin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, shi ya sa yake da kaushi, daga baya ne aka koma yashi. In ka kankare fentin ka shafe shaida. Masu yin jabu kuwa sabon fenti ne abokinsu: su ɗauki hula gama-gari su zana mata jan gicciye na ma'aikacin jinya, su tsufar da ita da gangan, su ce ga abin tarihi.

Baba Maƙeri: Kai maganar kasuwa kake, Alhaji. Ni maganar ƙarfe nake. Kuma bari in tambaye ku, mene ne "asali"? Ku ɗauki Mosin-Nagant, bindigar Rasha ta 1891. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Tarayyar Sobiyet ta tattara su a ma'ajiyar makamai, aka warwatsa su, aka sake baƙanta ƙarfen, aka shafa wa katakon man sheƙi, aka haɗa sassan wannan da na waccan aka buga musu lamba ɗaya, aka dulmiya su a maiƙo aka rufe a akwatuna. Yawancin waɗanda ke hannun masu tarawa a yau haka suke. Gyararru ne tun kafin a haife ku, kuma ban ji wanda ya ce an kashe su ba.

Hajiya Mai Adana Kaya: Ku yi haƙuri in shiga tsakani, don ina ganin abu biyu aka haɗa wuri guda. Tsayar da lalacewa daban, sabuntawa daban. Baba yana da gaskiya cewa jar tsatsa ba abin bari ba ce. Sai dai ba da burushin ƙarfe ko takardar yashi ake tunkararta ba. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce ka yi mafi ƙarancin abin da zai ceci kayan, kuma ka zaɓi abin da wani zai iya warwarewa a bayanka. Ka fara ɗaukar hoto ta kowane gefe. Ka share ƙura da burushi mai laushi. Ka bi jar tsatsar a hankali, ɗan wuri bayan ɗan wuri, ƙarƙashin haske mai kyau. Baƙin duhun da ya kwanta lif a jikin ƙarfe ba ya ɓarɓashi, wannan ka ƙyale shi. Daga nan ka shafa siririn kaki, kamar Renaissance Wax da aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950, ka ajiye a busasshen wuri. Kaki yana fita in an so. Fentin da aka kankare ba ya dawowa har abada.

Ɗan Autan Zaure: Hajiya, ina da tambayar da ta tsaya mini a rai, ku gafarce ni in na yi katsalandan a gaban manya. Bindigar Jamus Karabiner 98k da sojan Sobiyet suka kama, su ma an gyara su, an buga musu alamar X, da yawa an dandaƙe tambarin Nazi da ke jikinsu, an rubuta sabuwar lamba da alƙalamin lantarki. Bindigar Arisaka ta Japan kuma, furen sarki mai ganye 16 da ke kanta an goge shi a da yawa daga cikinsu lokacin miƙa wuya a 1945. Duk wannan ɓarna ce aka yi wa ƙarfe da gangan, amma yau muna kiranta tarihi. To me ya sa gurzar wancan ta zama tarihi, ta yayana Mai Hular Kwano kuma ta zama laifi? Tsufa ne kawai ya bambanta su?

Baba Maƙeri: Madalla da yaron nan. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Hajiya Mai Adana Kaya: Tambayar ta yi kyau, ƙanena, amma ba tsufa ba ne. Ka dubi abin da gogewar take gaya maka. Furen nan alama ce cewa bindigar mallakar sarki ce. Wanda ya goge shi ya yi ne a lokacin da daula ta faɗi, don kada a miƙa tambarin sarki ga abokin gaba. Tabon da ya bari yana ba ka labarin ƙarshen yaƙi. Alamar X tana gaya maka bindigar ta canza hannu a fagen fama ta shiga rumbun wata ƙasa. Duk waɗannan sun faru ne kayan yana cikin aikinsa na soja. Mu kuwa in muka goge, me tabonmu zai gaya wa na baya? Cewa wani ya so abu mai sheƙi a bangon ɗakinsa. Kuma don ya rubuta wannan ɗan labarin sai da ya share wanda ya fi shi.

Alhaji Dillali: Ga misali ma a fili. A shekarun 1950 da 1960 an sayar da bindigar Lee-Enfield ta Ingila da araha, mutane suka yi ta yanke katakonta suna mai da ita bindigar farauta. A lokacin gani suke gyara suka yi. Yau shekaru da dama ke nan, tsufan bai mai da yankan abin so ba. Masu tarawa suna ta neman katakon asali su mayar.

Baba Maƙeri: Na ji wannan, kuma ban musa ba. Amma ku gaya mini, wa ya fi ɓata bindiga, ni da tsummana da mai, ko doka? A ƙasashen Tarayyar Turai, tun ƙa'idar da suka kafa a 2015, kafin a ce bindiga ta mutu sai an toshe bututunta an yi mata walda an lalata sassan da ke motsi. Wannan ba kisa ba ne?

Alhaji Dillali: Asara ce, Baba, ba na ɓoyewa. Sai dai wannan ba zaɓin mai tarawa ba ne, kuma ran mutum ya fi ƙarfe. Kowace ƙasa da layinta: dokar tarayya a Amurka tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin ta tarihi, Birtaniya kuma tun 2021 ta sa iyaka a 1 ga Satumba 1939 tare da wasu sharuɗɗa kan irin harsashin. Wasu ƙasashen ba ruwansu da tsufa, bindiga bindiga ce, babu lasisi sai kurkuku. Kada wanda ya saya don mai shago ya ce "ai tsohuwa ce". A nemi takarda, a san dokar inda ake zaune.

Hajiya Mai Adana Kaya: Tun da an zo maganar rai, akwai kayan da ko Baba ba zan so ya sa musu hannu ba. Takunkumin iskar guba na Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa akwai asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, a matatarsu. Ba a sawa a fuska, ba a buɗewa. Kamfas da agogon soja masu lambobi da ke haske cikin duhu, na wancan zamanin da radiyam, wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, aka shafa su. Hasken ya mutu tuni, amma radiyam sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Wanda ya buɗe gilashin ya kankare lambobin, ƙurar zai shaƙa. Tsohon harsashi ko gurneti kuwa, ko an rantse maka fanko ne, hukuma ake kira.

Baba Maƙeri: A kan waɗannan babu gardama, Hajiya. Fenti ma na sallama, ba zan ƙara cewa a kankare ba. Amma banatin da ke wurina, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wanda tsatsa ta fara rarake bakinsa, gobe zan zauna masa da mai da tsumma. Ba zan zuba ido ya zama gari ba.

Mai Hular Kwano: Mai da tsumma ban ƙi ba, Baba, in dai an fara dubawa da fitila kafin a taɓa. Ni ma na janye rabin maganata, ba kowace taɓawa ce kisa ba. Tawa hular na ɗauke ta hoto yanzu. Zan shafa kakin a kan haruffa ukun da suka rage, in rubuta abin da na yi mata a 'yar takarda in saka a cikinta, don wanda za ta koma hannunsa ya san ba yaƙi ne ya share sunan ba.