Zanen da ke cikin tambarin ƙasa, yana da ma'ana ko ado ne kawai?

Mai_Fenti_Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Yaran unguwarmu sun kawo min aikin tambarin kulob ɗin ƙwallonsu, wai a yi masu garkuwa irin ta ƙasa. Na ɗauko fasfo ina duban na Kamaru, sai na ga jan da ke tsakiya alwatika ne, tsininsa na sama, kore a hagu rawaya a dama. Shin waɗannan yanke-yanken suna da doka ne ko kowa yadda ya ga dama yake shatawa?

Baba_Njamena:
Wa alaikumus salam ɗana. Suna da doka mana, har da sunaye. Duba namu na Cadi da aka fara amfani da shi a 1970, garkuwar layuka ne shuɗi da rawaya masu hawa da sauka kamar haƙoran zarto, an ce igiyar ruwan tafkin Cadi ke nan. Akuya ta riƙe gefe ɗaya saboda arewa, zaki ɗaya gefen saboda kudu.

Malama_Marwa:
Abin daga Turai ya samo asali wajen ƙarni na 12, mayaƙi sun rufe fuska da ƙarfe ba a gane kowa sai ta garkuwarsa, shi ya sa zanen yake da sauƙi don a hango daga nesa. Da Faransanci layin tsaye pal ne, na kwance fasce, na karkace bande, mai kama da jinkar ɗaki kuma chevron, irin na galan soja ko na motar Citroën. Kai da kake Garwa ma na Najeriya ya kamata ka duba, farin Y ɗin nan a kan baƙar garkuwa ai Neja ne da Binuwai inda suka haɗu a Lokoja, wato reshe ɗaya ruwan da kuke wanki a ciki ne.
Babbar dokar dai ita ce fari da rawaya ana ɗaukarsu azurfa da zinariya, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya, haka ja, shuɗi, kore, baƙi ba a ɗora su kan juna.

Mai_Fenti_Garwa:
To Malama ai namu taswira shuɗiya ce a kan ja, kuma wallahi in allo ya sha rana da ƙyar ake ganinta, da ina zargin fentina ne ashe ba laifina ba ne. Yaran nan kore da baƙi suke so, gobe zan ce masu sai an ratsa farin layi a tsakani ko su kai wa wani.