Tumbina ya ƙi sauka, ko giya ce?

Jama'a, a taimaka. Shekaruna 26, ina Jos. Tun da na fara aiki nake shan giya da abokai duk ƙarshen mako, wani lokacin burkutu, ga tsire a gefe. Yanzu wandona ba ya rufuwa, tumbi kaɗai ke fitowa.

Na rage tuwon dare, na bar lemon kwalba, ina gudu da sassafe a Rayfield duk da sanyin nan. Sikeli ko gezau. Abin haushi, in na sha, washegari yunwa kamar ta kashe ni, sai in rama abin da na rage.

Na san giram ɗaya na barasa kalori 7 ne, mai kuwa 9. Rage kwalabe zai isa, ko sai na daina ɗungurungum?