"Le travail, c'est la santé": wai aiki shi ne lafiya?

Ɗan Gareji: Jama'a, Faransawa na cewa "le travail, c'est la santé", wai aiki shi ne lafiya. Maigidanmu kullum da ita yake tarbarmu da safe. Gaskiya ce ko wayon masu gida?

Malam Mai Alli: Ƙanena, kalmar da kanta ta ƙaryata maganar. Travailler, wato yin travail, yin aiki, daga Latin ta fito, daga tripalium: tri uku, palus turke. Turaku uku ne da ake ɗaure mai laifi a jiki ana gana masa azaba. Tun ƙarni na 6 sunan ya fito a dokokin taron malaman coci na garin Auxerre a Faransa, inda aka hana limamai tsayawa wurin da ake wannan azaba. A tsohon Faransanci, in an ce an yi wa mutum travailler, to an gallaza masa ne. Kalmar aiki a lokacin ouvrer ce, uwar ouvrier, wato lebura. Sai ta riƙa cin karo da ouvrir, buɗewa, har travailler ta ture ta.

Inna Ungozoma: Malam, mu ai mun riga ku sani. Ɗakin naƙuda a asibitocinmu na Nijar salle de travail ake ce masa. Maigidan nan ya zo ya faɗa wa mai naƙuda cewa lafiya take sha, ya ji amsa.

Baffa na Damagaram: Kakanninmu ma travail forcé suka sani, aikin dole, har aka soke shi a 1946. Ba wanda ya dawo daga fasa dutse yana cewa lafiya ya ƙaro.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, wasu masana sun ce daga trabs take, gungumen katako. Kuma ko ta tabbata tripalium ɗin ce, asali ba ya ɗaure ma'ana. Trabajar ta Sifaniyanci, yin aiki, da travel ta Turanci, tafiya, duk dangi ɗaya ne, amma ba wanda ke yankar tikitin jirgi don a azabtar da shi.

Malam Mai Alli: Ka hau motar haya daga Agadas zuwa Arlit, ka dawo mu yi magana. Ni dai tamu ta fi gaskiya: wanda ya ci zomo ya ci gudu. Ba ta ɓoye gudun ba.

Ɗan Gareji: Gobe in ya sake faɗa zan ce masa turaku uku. In kun ji shiru, an sallame ni.