Na'urar kwantam ɗin Ƙofar Ƙaura, gwajin lafiya ne ko cin kuɗi?

Kawu Lawal: Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da yamma. Akwai wani bawan Allah da ya buɗe waje nan wajen Ƙofar Ƙaura shina gwajin lafiya da na'urar kwantam, ɗan wani ƙarfe ne zaka riƙe a hannu minti ɗaya kacal kwamfuta ta fiddo maka duk abin da ke jikinka, hanta, ƙoda, suga har ƙashi, ba allura ba ɗibar jini. N5,000 ne. Ni naje, na kai Inna ma. Yace fasahar da aka ba kyautar Nobel ce a 2022. Mai hali ya leƙa, asibiti ya kusa zama tarihi

Gwaggo Hajara: Wa alaikumus salam. Ikon Allah, zamani riga. To ita Inna me aka gano mata?

Kawu Lawal: Ashe wai ba hawan jini gare ta ba duk shekarun nan, dattin jini ne. Ya bamu wani shayi na N18,000, sati biyu kenan ta aje ƙwayoyin asibiti

Anti Binta: Innalillahi. Kawu dan girman Allah yau ɗin nan ta koma shan maganinta, hawan jini baya sallama, mutum yana zaune garau sai dai aji ya faɗi ɓarin jiki ya shanye, kullum muna karɓar irinsu. Gobe in na tashi aiki zan biyo in auna ta da kaina

Kawu Lawal: Ku dama ma'aikatan asibiti ba zaku so wanga abu ba, kasuwarku zata mutu

Sadiƙu: hhhh Kawu ya fara zafi. Ina Yaya Nura malamin fiziks, fito an taɓo gidanku

Nura: Ina nan ina karantawa. Kawu Allah ya ƙara girma, kyautar da mutumin ya faɗa gaskiya ce an bayar, amma ba tashi bace. A 2022 mutum uku aka ba, Alain Aspect na Faransa, John Clauser na Amurka da Anton Zeilinger na Ostiriya, kuma aikinsu akan ƙwayoyin haske ne, yadda guda biyu da suka fito tare ke zama a ɗaure da juna ta yadda in ka auna wannan sakamakon sai ya tafi daidai da na ɗayan ko da nisa tsakaninsu. Ba hanta a ciki ba ƙoda. Ita kanta kalmar kwantam ba wani sirri bane, tun 1900 Max Planck na Jamus ya nuna cewa makamashi ba kwarara yake kamar ruwan famfo ba, ƙulli ƙulli yake fitowa kamar ƙullin gishiri a tebur, ba a sayar maka da rabin ƙulli. Ƙullin nan shine kwantam. Ilimin gaske ne, wayar hannunka ma da shi aka ƙera ƙananan kayan cikinta, shi yasa masu son sayar da kaya suke liƙa sunan

Kawu Lawal: Yauwa ka faɗa da bakinka. In waya na aiki da shi mi zai hana ya duba jiki?

Nura: Yana dubawa ma kuwa, MRI kenan, injin ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti. Amma Kawu duba abin da ake sha kafin ya dubu. Jikin mutum yawanci ruwa ne, a cikin ruwan akwai haidirojin, ƙwayar tsakiyarsa kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu take, to sai an saka mutum cikin wani ƙaton maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne, shi 1.5 ɗin ma ya ninka maganaɗisun duniyar nan wajen sau 30,000, sannan a buga musu igiyar rediyo a saurari ɗan abin da suka maido a haɗa hoto da shi. Injin ya cika ɗaki guda, ana sanyaya wayoyinsa da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, ko makulli ba a barinka ka shiga da shi don zai fizge, kuma ka kwanta minti 20 ko fi ba motsi. Duk da haka yawanci wuri ɗaya yake dubawa, kai ko baya ko gwiwa, kuma baya faɗa maka yawan sugarka. Paul Lauterbur da Peter Mansfield ne suka samu Nobel akansa a 2003. Yanzu ace ɗan ƙarfen da aka jona a laftof ya yi abin da ya gagari wancan cikin minti ɗaya?

Sadiƙu: hiliyam ɗin da ake hura balan-balan ɗin biki?

Nura: Shi fa. Kuma labarinsa na burge ni, a rana aka fara ganinsa kafin a same shi a ƙasa. A 1868 lokacin kusufin rana masu nazarin taurari suka rarrabe hasken rana suka ga wani layi ruwan ɗorawa da bai dace da ko wane sinadari da aka sani ba, aka raɗa masa suna daga sunan rana a yaren Girka, mutane da yawa basu yarda ba, sai 1895 William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse a ɗakin gwaji. Shekara 27 maganar na rataye har aka riƙe abin a hannu. Su layukan ma kwantam ne ya zo daga baya ya bayyana dalilinsu, kowane sinadari da nashi kamar zanen yatsa

Gwaggo Hajara: Nura ka tafi sama ka barmu a ƙasa. Ni tambayata ɗaya, tana faɗin gaskiya ko bata faɗi

Kawu Lawal: Tana faɗi mana Hajara. Ban buɗe baki ba ta fiddo min gyambon ciki da ciwon baya, kuma wallahi duk ina da su

Anti Binta: Kawu wane ɗan kasuwa ne a Babbar Kasuwa da ya haura 50 baya kukan ciki da baya? Ko ni ka tsaya gabana zan faɗa maka haka kyauta. Kafin ka riƙe ƙarfen ba sai da ya tambayi shekarunka da nauyinka da tsayinka ya shigar ba?

Kawu Lawal: Ya tambaya, ai ko asibiti ana tambaya

Anti Binta: Ana tambaya amma ba daga nan sakamakon ke fitowa ba. Suga daga jinin yatsa ake auna ta, maleriya ko a madubin awo aga ƙwayar cutar da ido ko ɗan tsinken gwajin nan ya nuna layi biyu, in ka kai jini ɗaya wuri biyu ya kamata amsa ta zo kusa da juna. Shi kenan ma'aunin, ba sunan na'ura ba

Kawu Lawal: Ku da kuke ta yabon binciken Turawa kun manta abin da akai a Kano? 1996 lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer suka gwada magani kan yaranmu wasu suka mutu. Shi wanga bawan Allah aƙalla bai kashe kowa ba

Gwaggo Hajara: Wannan kam gaskiya ne Yaya, har yau akwai masu gudun allura saboda shi

Anti Binta: Ba wanda ya manta Kawu, Trovan sunan maganin, yara wajen 200 aka saka a gwajin 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Amma ka lura laifin da ake tuhuma shine an taka ƙa'idar gwaji, to maganin wannan ai ba ace a daina gwaji a koma shan abin da ba a taɓa gwadawa ba ne. Dubi rigakafin maleriya na R21 da jami'ar Oksfod ta haɗa, sai da aka gwada shi kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, wasu a basu shi wasu a basu wata allurar daban a bi su a ƙirga waɗanda suka kamu, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2023, mu kuma aka fara da Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Shi shayin N18,000 kan mutum nawa aka gwada shi? Kuma batun bai kashe kowa ba, ya raba tsohuwa da maganin hawan jininta fa

Alhaji Babba: Ku sassauta, ba faɗa ake ba. Lawal niyyarsa alheri ce. Nura in akwai hanyar da za a gane a taƙaice ka faɗa, mu ba boko muka yi da nisa ba

Nura: Ranka ya daɗe akwai kuma bata buƙatar boko. Mutum ɗaya yaje sau biyu a yini ɗaya, da safe ya faɗi shekarunsa na gaskiya, da yamma ya canza suna ya ƙara shekaru. In jiki take karantawa takardun biyu zasu zo ɗaya tunda hannun ɗaya ne. Ni zan biya N10,000 ɗin, Sadiƙu kana da lokaci gobe?

Sadiƙu: tura kuɗin harda na napep

Kawu Lawal: Na yarda. In suka zo ɗaya Nura sai ka bani haƙuri a nan gaban kowa

Nura: Da murya ma zan turo Kawu

Sadiƙu: Salam jama'a ga rahoton jiya. Da safe naje nace shekarata 24, mai wajen da kansa ya min, ta fiddo wai lafiyata lau sai ƙarancin sinadarin ƙashi kaɗan da rashin barci. Bayan la'asar na canza riga na sa hula na koma na tarar yaronsa ne, nace sunana wani daban shekara 58, wlh ko ɗago kai baiyi ya kalle ni ba ya shigar. Takarda ta fito ƙashina ya fara zaizayewa, jijiyoyin jini sun ƙanƙance, idona na neman yana, harda matsalar mafitsara irin ta dattawa hhhhh cikin awa shida na tsufa. Yace in sayi shayi kwali biyu

Gwaggo Hajara: La ilaha illallahu. Ni da har na ware kuɗina

Kawu Lawal: Ƙila yaron ne bai iya saita ta ba. Da mai wajen ne da ba haka ba

Nura: Kawu ai cewa akai na'urar ke karantawa ba mai saitawa ba. Amma in kana so a sake da mai wajen, wannan karon kai zaka biya

Kawu Lawal: Zan je in same shi da kaina muyi magana

Anti Binta: Ni dai na biya gidan jiya da daddare, jinin Inna 176 bisa 102. Ta sha ƙwayarta a gabana, na bar ma Maryam da ke gidan abin awon ta riƙa duba ta safe da yamma tana turo min, in bai sauka ba jibi sai mu tafi wajen likita. Shayin na ɗauke shi daga ɗakin

Alhaji Babba: Allah ya bata lafiya. Lawal in zaka je ka biyo ta shago mu tafi tare, ka riƙo takardun Sadiƙu guda biyun

Gwaggo Hajara: Amin. Ku tafi da sauran shayin ma ko zai maido rabin kuɗin