"Raina kama ka ga gayya": da Hitila ake ko da Stalin?

Abban Sadiq: Jama'a ku raba mu. Jiya musu ya kaure a majalisa kan yaƙin Hitila, wani dattijo ya ce duk abin da ya faru da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari a 1941 raina kama ka ga gayya ne. Na ce bai dace ba, ya ce ni yaro ne.

Malam Na-Gwale: Dattijon ya fi ka gaskiya. Masu leƙen asirin Jamus sun ƙiyasta Tarayyar Sobiyet na da runduna kusan 200. Ran 11 ga Agusta, ko wata biyu ba a yi da fara yaƙin ba, Janar Halder, babban hafsan sojan ƙasa na Jamus, ya rubuta cewa sun riga sun ƙirga 360. Gayya ta wuce wannan?

Ɗan Zinder: Malam, shugaban Sobiyet Stalin fa? Ɗan leƙen asirinsa Sorge ya aiko masa gargaɗi daga Tokyo, Firaministan Ingila Churchill ma ya aiko, Stalin ya ce makircin Ingila ne, har harin Jamus na 22 ga Yuni ya riske shi. Wannan ai wanda bai ji bari ba ne.

Maman Ilham: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Da za a yi mata kishiya sai ta tura dillaliya ta gano mata amarya. Dillaliya ta dawo tana tafa hannu: "Hajiya kwantar da hankalinki, ƙwaila ce, ko tuwo ba ta iya tuƙawa." Kaka ta ba ta tukuicin zane. Amarya ta tare, girkin farko maigida ya nemi ƙari har sau biyu, kafin shekara makullin rumbu na hannunta. Har Kaka ta rasu ba ta riƙe amaryar a zuciya ba, dillaliyar ce ba ta yafe wa ba. Ashe ɓangare biyu take karɓar zane.

Ɗan Zinder: Dillaliyar nan tana nan da ranta, ita ke ƙirga wa wani ɗan takara jama'a a filin taro. Ranar zaɓe ko akwatin ƙofar gidansa bai ci ba 😂

Malam Na-Gwale: A bar siyasa don Allah.

Abban Sadiq: To Kaka rainawa ta yi ko yaudararta aka yi? Ba ɗaya ba ne fa.

Maman Ilham: Ni dai na san kakanmu ya yi ƙiba.