Tsohuwar akori-kura tana mutuwa idan inji ya yi zafi

Mai akori-kura, Jega: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 404 daga mahaifina, kuma da ita nake ɗauko albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma da zarar ta yi tafiya inji ya ɗau zafi sai ta fara shaƙewa har ta mutu, ba kuma za ta sake tashi ba sai ta huta kamar rabin awa. Sau biyu ana kwance kafireto, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, ana wankewa, babu abin da ya sauya. Ina roƙon wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Tsohon bakanike, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ƙyale kafireto ya huta, domin wanda ya toshe ba ya jiran inji ya yi zafi kafin ya nuna halinsa. Na sha karɓar irin wannan mota a gareji, kuma mafi yawan lokuta laifin na wuta ne, ko dai kwayil (mai ƙarfafa wutar batir kafin ta kai ga fulogai) ko kwandansa (ɗan ƙaramin gwangwanin da ke taimaka wa kwayil fitar da wuta mai ƙarfi), saboda su ne ke aiki da sanyi su gaza da zafi. Ranar da ta sake mutuwa, kada ka jira ta huce. Ka taɓa kwayil ka ji ko ya yi zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, sannan ka zare wayar tsakiya daga kan mai raba wa fulogai wuta, ka riƙe ta da busasshen tsumma kusa da ƙarfen inji, yaronka ya murza makulli. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara, ja ko rawaya kuwa alamar rauni ce. Ka duba kwantak ma, wato 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa a cikin mai raba wutar: idan bakinsa ya ƙone ya yi ramuka, kwandansa ne ya jawo, kuma tazarar bakin kwantak ɗin milimita 0.4 ce. Yaran da muke koya wa aiki yanzu sun fi sanin motocin kwamfuta, shi ya sa kafireto kawai suke gani.

Direban Mercedes 911, Yauri: Baba ya yi gaskiya, sai dai ni ta wajen mai na sha wuya. Tawa ta gas ce, ba ta da fulogi, amma ta taɓa yi mini haka da lodin shinkafa bayan na sayi mai a jarka a bakin hanya. Ruwa da tsatsar tanki suka cika filta, wani tiyo da ya tsage kuma yana jan iska, sai da na sauya su na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita. Malam, idan taka ta mutu ka buɗe murfin tanki; in ka ji ya ja iska, to ƙofar numfashinsa ce ta toshe.

Mai sayar da kayan gyara, Argungu: Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, don haka matattunta ba su yi ƙaranci ba, kuma ni daga Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano nake samo kayanta. Alhaji, in za ka sayi kayan gyara ka tafi da tsohon da ka cire a hannunka a gwada, domin wasu kayan 504 suna kama da na 404 amma ba sa zama. Na taɓa saro sababbin kwandansa masu kyan kwali, aka yi ta dawo mini da su, tun daga nan na fi amincewa da wanda aka ciro daga jikin tsohuwar mota.

Mai akori-kura, Jega: Allah ya saka da alheri. Ta mutu mini kafin in shiga gari, na gwada yadda Baba ya ce, wutar ta fito ja, murfin tanki kuwa lafiyarsa lau. Mun sa kwandansa na hannu da sabon kwantak, yau kwana tara ke nan ba ta tsaya ba. Kwayil ɗin dai har yanzu yana ɗaukar zafi, don haka na ba wani ɗan'uwana mai zuwa Kano sautu.